Kira Sittin da Uku Zuwa Wayar Saja Gabriel

Ranar Lahadi, a gaban jama'a, aka ce in tashi daga kan tulu. Ba a ja ni gefe ba, ba a turo kowa gidana ba. Ina zaune da babban tulun kiɗan Zumuntar Mata tsakanin gwiwoyina, soson bugu a hannu, ina jiran a ƙare sanarwa mu ɗauki waƙa, sai na ji magatakardan majami'a ya kira sunana. Wai 'yar'uwa Keziah Philip za ta koma bencin baya har majalisar dattawa ta gama duba wata magana.

Shekara ashirin da shida ina buga tulun nan. Na buga shi a bikin aure, na buga shi a bakin kabari, na kai shi taron mata har Mahuta a bayan a-kori-kura, ina rungume da shi kamar jariri. Bencin baya kuwa duk Zuru an san na su wa ne: wanda ya yi wa 'yar mutane ciki, da wanda aka kama da akuyar maƙwabci. Can aka nuna mini, ni da furfurata.

Gladys, Uwar Zumunta, ita ta zo ta zare soson daga hannuna. Ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ta miƙa shi ga wata amarya mai dogon farce, wadda ta yi ta taɓa tulun kamar zai cije ta. Ban yi kuka ba. Na je na zauna inda aka ce, na miƙe wuyana, na ji yadda waƙa ke tafiya ba ƙashi a jikinta.

Ana tashi na tare Gladys a bakin ƙofa.

"Uwa, tsaya nan. Me na yi?"

"Maman Joyce, ba a nan ba."

"A nan aka kira sunana, a nan za ki faɗa mini."

Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta rage murya. "Ki je ki tambayi wayarki."

"Wayata ba ta da baki. Ke kina da shi, har ya yi miki yawa. Faɗi."

Sai ta faɗa. Wai Saja Gabriel, dattijon majami'a, ya kai ƙarata. Wai na kira shi sau sittin da uku cikin mako biyar. In ya ɗauka ba na magana, sai nishi, sai haki. Wai ni matar aure ce, shi ma da iyalinsa, ga mijina kwance ba lafiya, abin ya ishe shi.

"Nishi," na ce.

"Nishi. Haka: hm, hm, hm." Har da lumshe ido ta yi.

Da ba a ƙofar ɗakin Ubangiji muke tsaye ba, da ta ji nauyin hannun da ya shekara arba'in yana daka.

Bari in faɗi yadda wayar nan take, don wanda bai gan ta ba zai ce ƙarya nake. Sana'ata man kaɗe. In sayo ƙwarar kaɗe wurin matan ƙauyen Manga, in soya, in daka, in niƙa, in buga da hannu har mai ya taso. Wannan aiki ya mai da yatsuna kamar ɓawon itace. Ɗiyata Joyce, wadda ke aikin jinya a barikin soja a Kaduna, ta sayo mini wayar shafa har sau biyu, irin wadda gilashi ce tun daga sama har ƙasa. Duka biyun sun ƙi ni. In shafa, shiru. In danna, shiru. In hannuna da mai kuma, sai wayar ta haukace ta buɗe abin da ban aike ta ba.

A bara ta zo da wannan. Samanta gilashi, ƙasanta maɓallai layi uku, jere kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Ta zaunar da ni ta ce, "Mama, kowane maɓalli mutum ne. Ki danna ki riƙe, zai kira shi." Na farko a sama ita ce. Na kusa da shi ƙanenta Prosper. Na ƙarshe a ƙasa mai injin niƙa. Ban san haruffan da ke jikinsu ba, ba na kuma bukata. Yatsana ya san gidan kowa. Ina buga mai hannuna dumu-dumu, ko kallon wayar ba na yi, sai in kira wanda nake so. Matan da muke aiki tare, masu manyan wayoyi masu sulɓi, sai sun nemi sabulu da tsumma kafin su taɓa nasu. Ƙarshe dai a ce, "Maman Joyce, kira mana mai keke da taki."

Ba zan ɓoye aibinta ba. Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa ƙarami. Gilashin ya tsuke, tunda maɓallai sun cinye rabin wurin, in jikata ta kira ni ta bidiyo sai in ga goshinta ko haɓarta, ba duka biyun ba. Mai da dusa suna shiga tsakanin maɓallan, sai na bi da tsinken tsintsiya. In an kira ni dole sai an shafa gilashin, gilashi kuwa har gobe bai san yatsana ba, don haka da kan hancina nake amsa kira, shi kaɗai ne mai bai kai gare shi ba. Akwai kuma wani dogon maɓalli a ƙasa wanda aka ce yana gane babban yatsan mai waya ya buɗe masa. Nawa yatsan ya goge, bai taɓa gane ni ba. Joyce ta gaji ta cire makullin gaba ɗaya, ta bar wayar a buɗe, kowane maɓalli aka taɓa sai ta farka.

Maɓallin tsakiyar layin tsakiya kuwa Saja Gabriel ne. Joyce ta sa shi a can da gangan. Ta ce in hankali ya tashi, tsakiya yatsa ke faɗawa. Shi ne mai mota a unguwarmu, shi ke kai mijina Philip asibiti tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ba kuma zan ci amanar gaskiya ba: ranar da Philip ya zame a bayan gida ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hannuna jiƙe, idona bai ganin komai, na laluba tsakiya na danna na riƙe, Gabriel ya iso kafin ruwan ya tsagaita. Wayar gilashi zalla da ba ta yi mini wannan ba. Shi ma Gabriel na gode masa, har kwanon mai na aika wa matarsa.

Shi ya sa abin ya ci mini rai.

Na isa gida na tarar labari ya riga ni. Philip yana kan kujerarsa a inuwar rumbu. Rabin bakinsa ne ke aiki, da rabin nan yake dariya.

"Keziah, na ji wai Gabriel kike yi wa nishi."

"Baban Joyce, kada ka sa in manta ba ka da lafiya."

"Shekara bakwai na yi golmo a gonar ubanki kafin a ba ni ke," ya ce a hankali, yana jan kalmomin. "Shekara bakwai ina noma, ko nishi ɗaya ban samu ba. Gabriel ko ciyawa bai cire ba, ya samu sittin da uku."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa. Da ya lafa ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Na san ki. Amma ki je ki karɓo tulunki." Na shiga ɗaki na ninke zanen zumunta na ajiye a saman akwati, inda zan riƙa ganinsa.

Washegari na tafi kasuwa shagon Nnaemeka mai gyaran waya. Ya shekara ashirin a Zuru, 'ya'yansa ma a nan aka haife su. Na dire masa wayar a kan tebur.

"Duba mini. Ni na kira mutumin nan ko ban kira ba?"

Ya sa tabarau, ya yi ta jan gilashin sama. Ya daɗe. Sannan ya ɗago.

"Mama, wayarki ta kira."

"Ban ce wayata ba. Ni."

"To, ni abin da waya ta yi nake gani. Sittin da uku ne cif. Wani ma ya yi minti goma sha ɗaya."

Sai a lokacin na gane inda katina ke zuwa. Mako biyar ina zagin kamfani ashe ba su da laifi.

"Amma ga wani abu," ya ce. "Babu ko ɗaya ranar Lahadi. Babu ranar kasuwa. Duka da hantsi ne ko bayan azahar. Me kike yi a lokacin?"

"Daka nake. Me zan yi?"

"Ina wayar take in kina daka?"

Na nuna masa. Na naɗe ta a haɓar zane, na ƙulle, na soke a ƙugu, yadda uwata ke ajiye abin da ba ta so ya ɓace. Ya dafe kai.

"Chineke, Allahna! Mama, zanenki ne ke danna shi. Maɓalli abu ne mai tudu, kuma an cire makulli. Kin sunkuya, ya danne. Duba na tsakiyan ma, ya fi sauran lotsawa. Ki bar wayar nan, in ba ki mai gilashi zalla, ba ta yin haka."

"Mai gilashi zalla ba ta kiran kowa, har wanda nake so. Ajiye abarka."

Ya kuma gaya mini abin da Gladys ba ta faɗa ba. Ashe tun makon farko Gabriel bai ɓoye ba. A gindin mangwaron da tsofaffin sojoji ke zama suna dara, in kiran ya shigo sai ya buɗe lasifika ya aza wayar a tsakiyarsu, ya ce su ji yadda har yanzu mata ke mutuwa a kansa. Wani ya tambaye shi, wannan dum-dum da ake ji fa? Ya ce bugun zuciyata ne. Sai da maganar ta kai kunnen matarsa, ta ɗaure kayanta za ta tafi Bena gidan ɗan'uwanta, sannan ya ruga wurin dattawa ya zama mai ƙara.

Sai na tuna. Sau biyu cikin makonnin nan ya kai mu asibiti, motar tana ƙamshin turare har kaina ya yi ciwo, gashinsa baƙi ƙirin kamar an shafa masa baƙin tukunya, yana ta kallona ta madubi. Na ɗauka ciwon ido ke damunsa.

Ranar Laraba da la'asar majalisa ta zauna. Na sa zanena mai kyau, na wanki da guga, na ɗaura kallabi. Na kwantar da turmina na mirgina shi da ƙafa tun daga ƙofar gida har harabar majami'a, taɓarya a kafaɗa, ƙwaryar soyayyar ƙwara a hannu. Mutanen unguwa suna tambaya ina za ni, na ce shari'a. Kafin in isa, mata sun fi ashirin a bayana.

Baba Fasto yana zaune da dattawa huɗu a baranda, ga Gladys a gefe, ga Gabriel da sandarsa ta soja a kan cinya.

"Maman Joyce," in ji Fasto, "wannan turmin fa?"

"Shaidata ce, Baba. Saja ya zo da tasa, ni ma na zo da tawa."

Aka ba Gabriel dama ya yi magana. Ya miƙe ya gyara riga. Ya ce shi mutum ne mai tsoron Allah, ya yi haƙuri, ya yi addu'a, ya ba 'yar'uwa lokaci ta tuba. Ya ce bai so tona mata asiri ba.

"Saja," na ce, "a gindin mangwaro kake yin addu'ar, ko a gida?"

Aka ce in yi shiru sai an ba ni dama. Na yi shiru. Da aka ba ni, ban tsaya dogon bayani ba. Na ce Gabriel ya ajiye wayarsa a kan tebur inda kowa zai gani. Na naɗe tawa a haɓar zane a gabansu, na ƙulle, na soke a ƙugu. Na zuba ƙwara a turmi, na tofa yawu a tafin hannu, na ɗaga taɓarya.

Na daka. Na daka. Na yi ta daka har gumi ya jiƙa mini kallabi. Wayar Gabriel tana kan tebur kamar gawa.

Na kwance, na sake ƙullewa da ƙarfi, na koma. Ƙwara ta zama gari, gari ya fara danƙo. Shiru. Matan da suka biyo ni suka fara kallon ƙasa. Na ji wata a baya ta ce, "Ayya." Gabriel ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kaɗa sanda.

"Ranka ya daɗe Fasto," ya ce, "ni dai ina ganin a tausaya mata. Zuciya ce, ba ta da ƙashi."

Gladys ta ce, "Maman Joyce, ki bari haka. Ki roƙi gafara, wata uku ne kawai a bencin baya, ya wuce."

A nan ne tsoro ya taɓa ni, karo na farko. Na ga kaina wata uku ina kallon ƙeyar mutane, amarya mai farce tana shafa tuluna, na ga jikokina suna jin wannan labari a bakin 'ya'yan wasu. Tarin nan da hayaƙin suyar ƙwara ya sa mini ya taso. Na kai hannu ƙugu in ciro namijin goro in ɗan gutsura, yadda na saba. Babu. Na bar shi a ƙulle cikin zanen aiki a gida.

Hannuna ya tsaya a ƙuguna.

Yaushe na fara tarin nan? Da aka fara suyar ƙwarar bana. Yaushe na fara cin namijin goro saboda shi? Mako biyar. Ina nake ajiye shi? A haɓar zane, ƙulli ɗaya da waya, a kan maɓallan, don kada ya faɗi. Shekara guda ina ɗaure wayar nan a ƙugu ba ta taɓa kiran kowa ba sai da goron ya shiga.

"Wa ke da namijin goro a nan?" na ce.

Aka yi ta kallon juna. Wani dattijo mai suna Haggai ya laluba aljihu ya fito da guda, har ya ɗan ci gefensa.

"Baba, ara mini. Zan mayar maka."

Na kwance ƙullin. Na aza goron a tsakiyar maɓallan, inda hannuna ya saba aza shi, na naɗe, na ƙulle, na soke. Na ƙara ƙwara. Na ɗaga taɓarya, na sauke, na sunkuya da ita yadda ake yi in da gaske ake. Ɗaya. Biyu. Ban kai goma ba wayar Gabriel ta ɗauki kuka a kan tebur, tana rawa tana zagaya kanta, da waƙar fareti irin ta sojoji.

Ban tsaya ba. Na ce, "Baba Fasto, ɗauka. Buɗe lasifika, yadda yake buɗe wa abokansa."

Fasto ya ɗauka ya buɗe. Ga ni a gabansu hannuna biyu a kan taɓarya, ga ni kuma a cikin wayar: hm, dum. Hm, dum. Hm, dum.

Baba Haggai ne ya fara. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ta ƙwace masa ta hanci. Sai matan baya suka ɓarke, wata har da guɗa. Fasto ya rufe baki da littafin waƙa kafaɗunsa suna rawa.

Na jingine taɓarya, na share fuska, na juya wurin Gabriel.

"Saja, ka ji bugun zuciyata? Ga ta nan, ta itacen ƙirya ce, kakata ta bar mini. In kana so ka aure ta, sai ka zo ka yi golmo."

Baƙin da ya shafa a gashi ya biyo gumi ya gangaro ta bayan kunne.

"Kuskure ne," ya ce. "Kowa yana kuskure. Wayar ce ba ta da kyau."

"Wayata ta yi kuskure, na yarda, ita da goro. Kai fa? Sau biyu na shiga motarka cikin makonnin nan. Ga ni, ga ka, ga mijina. Me ya hana ka ce, Maman Joyce, wayarki tana kirana, lafiya? Joyce ta sa ka a tsakiya don in mijina ya faɗi in same ka. Sau sittin da uku maɓallin nan ya kira ka kana jin mace tana haki. Ko sau ɗaya ka taso ka duba ko Philip ne ya faɗi? Ba ka zo ba. Ka tafi gindin mangwaro."

Nan dariya ta ɗauke.

Fasto ya gyara murya. Ya ce gaskiya ta fito, an gode wa Allah, majalisa ta janye maganar, ranar Lahadi in koma kan tuluna. Ya ce Dattijo Gabriel ya ba ni hannu a nan a yafi juna, magana ta mutu.

"Ba ta mutu ba, Baba."

"Maman Joyce, gafara fa?"

"Zan yafe. Amma a baranda aka kira sunana? A gaban mutum ɗari uku aka kira shi, da lasifika, har masu sayar da ƙosai a bakin titi sun ji. A can za a wanke shi. Ba kuma magatakarda zai karanta ba. Gabriel ne zai tsaya da bakinsa ya faɗi abin da ya yi, har da mangwaron. Sannan wadda ta zare soso daga hannuna ta dawo da shi hannuna, a gaban waɗanda suka ga ta zare."

Gladys ta ce ai ita umarni ta bi. Na ce to ga wani umarnin, ta bi shi ma. Gabriel ya ce shi dattijo ne, tsohon soja, ba za a tsayar da shi kamar ɗan makaranta ba. Baba Haggai ya miƙo hannu in ba shi goronsa, ya goge shi a riga, ya ce, "Gabriel, in ba ka tsaya a gaba ba, akwai wuri a bencin baya. An ma share shi." Aka kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu, huɗu suka bi bayana.

Daren Asabar ban yi wani dogon tunani ba, na yi barcina. Abin da na yi kawai, da rana na koma wurin Nnaemeka. Ya ce yanzu dai zan yarda a mayar da makulli, ko in sayi jaka in riƙa ratayawa. Na ce jaka ta masu zuwa ofis ce, ni a ƙugu nake ajiya, makulli kuma bai san yatsana ba. Na ce abu ɗaya zai yi mini: ya ɗauke Gabriel daga tsakiya ya kai shi can ƙarshen layin sama, inda goro ba ya kaiwa. Motarsa dai ina bukatarta, shi ma yana bukatar ya riƙa ganina.

"To tsakiyan fa, Mama? A bar shi ba kowa?"

Na gaya masa wanda zai sa. Ya cire tabarau ya kalle ni, sannan ya sa.

Ranar Lahadi na ɗauko zanen zumunta daga saman akwati, na ƙulle wayata da namijin goro a haɓarsa, na soke a ƙugu. Aka ɗauko Philip a keke, aka zaunar da shi a layin gaba, ya sa tsohuwar hularsa ta soja. Bayan sanarwa Gabriel ya fito. Muryar da yake ba da umarni da ita a fareti ta koma kamar ta ɗan tsako. Ya faɗi kiran, ya faɗi turmin, ya so ya tsallake mangwaron, Baba Haggai ya yi tari sau ɗaya, ya dawo ya faɗa. Ya ce 'yar'uwa Keziah ba ta da laifi, shi ne ya ɓata mata suna, yana roƙon ta da mijinta gafara. Philip ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ni na ce, "Na yafe," da ƙarfi, don na bakin titi su ji.

Na tashi daga bencin baya na bi tsakiyar majami'a a hankali. Ban yi sauri ba, mako guda na jira. Gladys ta taso da soso, ta sa mini a hannu, ta ce, "Ga shi, Maman Joyce." Na ce, "Na karɓa, Uwa."

Na zauna, na jawo tulun tsakanin gwiwoyina. Amaryar nan ta bar masa jan farce a wuya, na goge da yawu. Mai ba da waƙa ta ɗaga murya, na sunkuya na sauke soso a bakin tulu, ya amsa mini daga cikinsa, har ƙasa ta ɗauka. Mata suka miƙe. Na ƙara sunkuyawa na ba shi da kyau.

Muna cikin baiti na biyu, waya ta ɗauki kuka a jakar Gladys. Ta daina tafi ta shiga lalube, hannunta duk gumi, tana shafa gilashi yana ƙin ta. Da ƙyar ta ga sunan mai kira. Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli ƙuguna.

Hannuna biyu suna kan tulu, kowa yana gani. Na ci gaba da bugu.